An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Misin Ɗin Tsohon Babur

Wani yaro mai koyon gyaran babur a unguwarmu ne ya kawo mini wani rubutu kan misin ɗin tsohon babur, a naɗe cikin aljihun rigar aiki, gefensa duk ya sha baƙin mai. Ya miƙo mini ya ce, “Baba, duba nan, ashe wahalar banza muke sha da muke buɗe maganeto.” Na zauna a kan benci na karanta shi har sau biyu. Rubutu ne mai daɗin karatu, kuma da gani mai shi ya taɓa riƙe sufana, ba jita-jita ya tattaro ba. Wannan ne ma ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba, domin maganar wanda ya san aiki ita yara ke ɗauka su yi aiki da ita a kan baburan mutane.

Abin da malamin da ya yi rubutun ya tsaya a kai shi ne, idan tsohon babur yana misin a silo, ko yana sarƙewa in ana tafiya a hankali, amma da an murza totur sai ya buɗe ya miƙe sumul, to kada a ɓata lokaci, ciwon yana cikin kafireta. Hujjarsa ita ce wuta ba ta da tsaka-tsaki, ko dai akwai ta ko babu. Kuma tunda a ganinsa inji ya fi bukatar wuta lokacin gudu, babur ɗin da ya iya gudu ya riga ya wanke kayan wutarsa daga zargi. Daga nan ya shawarci duk mai babur mai kwantak da ya cire shi ya yar, ya sa CDI ya huta.

Akwai inda ba ni da ja da shi. Ƙaramin jet ɗin silo raminsa kamar bakin allura yake, ƙurar hunturu kuwa ba ta bar ko'ina ba, balle ga babur ɗin da soson tace iskarsa ya yage shekara guda ba a canza ba. Man da ake saye a kwalba bakin titi yakan zo da ruwa ko datti. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Najeriya, hukuma da kanta ta amsa, injina da yawa suka ji jiki. Saboda haka wanda ya ce kafireta tana jawo misin a silo bai yi ƙarya ba. Inda muka rabu shi ne cewar da ya yi gudu yana wanke wuta. A kan yawancin tsofaffin baburan da ke hannun mutanenmu, maganar a juye take.

Malam, ka tuna fitilar keke mai ɗan janareta da ke gugar taya? In kana hawan tudu a hankali sai ka ga hasken ya yi ja yana lumshewa, in ka gangaro da gudu sai ya haske hanya fes. Ba wanda zai ga wannan ya ce fitilar keke ko akwai ko babu. To maganeton babur ɗan'uwan wannan janaretan ne. Maganaɗisu ne a jikin ƙarfen da ke juyawa, yana wucewa ta gaban naɗin waya, kuma ƙarfin wutar da za ta fito ya dogara da saurin wucewar. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna haka a Ingila, kuma har yau ba abin da ya canza. Honda CG125 na farko-farko, da ƙananan Honda masu giya uku irin C50 da C70, da Suzuki A100, da Yamaha YB100, da Vespa, duk daga maganeto suke samun wutar fulogi. Ma'ana, lokacin da injin ke juyawa a hankali shi ne lokacin da wutarsu ta fi rauni. Idan kwayil ya fara gajiya, ko maganaɗisu ya rage ƙarfi saboda shekaru da zafi da dukan guduma, ko kwantak ya kauce daga saitinsa, wurin da abin zai fara bayyana shi ne silo da tafiyar hankali. Da an ba shi totur, juyi ya ƙaru, wuta ta ƙaru, sai aibin ya ɓuya. Alamar da ka kafa hujja da ita cewa wuta lafiya take, ita ce alamar da maigidana ya koya mini in fara zargin wuta da ita.

Na san abin da za a ce: ai mun cire fulogi, mun ɗora a jikin inji, mun buga kik, mun ga wuta. Wannan gwajin ya fi kowane gwaji yaudarar masu gyara. A sarari, cikin iskar da muke shaƙa, wuta tana bukatar kamar bolt 3,000 ne ta tsallake tazarar milimita ɗaya. Bakin fulogi kuwa bai ma kai milimita ɗaya ba, 0.6 zuwa 0.7 ne a waɗannan baburan. Ko kwayil ɗin da ya kusa mutuwa zai iya wannan tsallaken. Amma a cikin inji fistin ya matse iska da mai wajen ninki tara, kuma gwargwadon matsin gwargwadon ƙarfin da wuta ke nema kafin ta ratsa. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Paschen ya auna wannan tun 1889. Wutar da ta yi tsalle a gaban idonka tana iya kasa motsi da zarar an mayar da fulogin mazauninsa. Gwajin da ke da ma'ana shi ne a cire hular fulogi, a riƙe wayar da filaya mai roba, a nisanta bakinta da jikin inji kamar milimita 6, sannan a buga kik. Idan ta tsallake da shuɗin haske da ƙara tas-tas kowane bugu, to da sauran ƙarfinta. Idan sai an matso da ita dab sannan ta fito, ko tana fitowa tana ɗaukewa, an ga ɓarawon.

Yanzu a haɗa biyun a ga abin da ke faruwa da mai babur a cikin cunkoson kasuwa. Yana giya ta biyu, injin yana juyawa ƙasa-ƙasa, ga kaya a baya, sai hanya ta ɗan buɗe ya murza totur. A wannan daƙiƙar silinda ta cika da iska, matsi ya hau sama, fulogi yana neman wuta mafi ƙarfi da zai nema a duk tafiyar. Maganeto kuma bai ɗau gudu ba tukuna, yana ba da mafi ƙarancin abin da yake iyawa. Bukata ta kai ƙololuwa a daidai lokacin da abin biya ya yi ƙasa. Nan ne babur ke shaƙewa, ya yi tsalle biyu uku, in an ci sa'a ya wuce wurin ya miƙe. A silo tsantsa kuwa matsin ba shi da yawa, amma abin da ke cikin silinda ya gauraya da ragowar hayaƙi, ba ya kamawa da sauƙi, shi ma yana son wuta mai kauri.

Akwai dalilin da ya sa maganar kafireta ke kama da gaskiya ko a inda ba ita ba ce, kuma shi ne abin da ya fi damuna a cikin rubutun malamin. Cakuɗin da mai ya yi masa yawa kaɗan ya fi saurin kamawa da raunanniyar wuta. To idan bakanike ya wanke kafireta, ya juya sukurun iska ya ƙara mai, ya ɗaga silo, babur zai ɗan daidaita. Mai babur ya biya ya tafi yana godiya. Bayan kwana uku fulogi ya yi baƙi ƙirin da toka, misin ya dawo ya fi na da. A koma wurin gyara, a cire fulogi, a ga baƙi, a ce ai ga shi nan, mai ne ya yi yawa, kafireta ce. A sake wankewa. Alhali baƙin fulogi ba ya faɗin wanda ya yi laifi. Abin da yake faɗa kawai shi ne akwai man da bai ƙone ba, ko don ya yi yawa, ko don wutar da za ta ƙona shi ba ta zo ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin lita ya ninka ya sake hawa, duk wanda aka ƙara wa babur ɗinsa mai don a rufe raunin wuta, daga bakin iyalinsa ake cire kuɗin.

Ba da ka nake wannan maganar ba. Akwai wani dattijo da ke ɗauko kayan miya daga fadama da asuba a kan tsohon CG125 mai bolt 6, irin wanda Honda ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da ake wahalar da babur ba a cika kula da shi ba. Ya zo wurinmu bayan an wanke masa kafireta sau uku a wurare daban-daban. A ɗaya daga ciki an zura wa jet ɗin silo silin wayar kuloci don a buɗe shi. Ya ce mini, “Ɗana, a kan kwalta kamar sabo, amma da na shigo kasuwa sai ya riƙa kunyata ni.” Ban taɓa kafiretar ba. Na sa sabon fulogi, na matse bakinsa ya koma kamar milimita 0.4, na ce yaro ya zagaya da shi a hankali. Misin ya ɗauke ɗif. Wannan ba gyara ba ne, tambaya ce aka yi wa injin ya ba da amsa: an rage wa wuta nisan tsalle ta iya, ke nan ƙarfinta ne bai kai ba. Da jet ne ya toshe, matse bakin fulogi ba zai buɗe shi ba.

Da muka cire murfin maganeto muka leƙa ta tagar, sai ga kwantak da kyar yake buɗe baki. 'Yar dunduniyar da ke hawa kan kam ta cinye, domin ɗan audugar da ke shafa mata mai ya bushe tun tuni. Tazarar da ya kamata ta kasance tsakanin milimita 0.3 da 0.4 ta kusa rufewa. A irin wannan injin illar biyu ce a haɗe. Idan tazara ta ragu, kwantak yana buɗewa a makare, sai alamar F da ke jikin maganeto ta wuce ɗan zanen da ke jikin inji sannan wuta ta fita, wato taimin ya ja baya. Sannan kuma ba ya buɗewa a daidai lokacin da maganaɗisu ya cika naɗin wayar da ƙarfi, sai wutar ta fito a raunane. Muka goge bakinsa, muka saita, muka sa siririyar takarda tsakani muna juya maganeto a hankali har ta saki daidai kan F. Hular fulogi kuma da muka warware ta, bakin wayar ya yi kore, muka yanke kamar santimita ɗaya muka sake ɗaurawa. Muka mayar da bakin fulogi 0.7. Babur ya zauna a silo yana bugawa ɗaya bayan ɗaya kamar agogo.

Hular nan ma abin a tsaya a kanta ne, don ba a cika kula ta ba. Da yawansu akwai ɗan abin rage wuta a ciki mai om 5,000. In ya ƙone ko ya tsatsa, sai mita ta nuna ya haura haka nesa, ko ta nuna babu hanya sam, wuta ta koma tana tsalle biyu maimakon ɗaya. Wayar fulogi da ta tsage kuwa ba ta bukatar mita. A tayar da babur cikin duhu a duba, za a ga shuɗin haske yana zamewa zuwa jikin ƙarfe. Irin wannan ne ke lafiya duk rani, da damina ta sauka ya fara rigima. Kwandansa aikinsa shanye tartsatsin da ke tashi a bakin kwantak. In ya lalace za a ga tartsatsi mai yawa a wurin, bakin kwantak ya ƙone ya yi rami. Shi da kwayil suna da hali ɗaya: sukan yi lafiya da sanyin safiya, sai inji ya ɗau zafi su fara yankewa, a huta minti goma su dawo. Toshewar jet ba ta jiran zafi.

Kada a ce na manta da baburan da ba maganeto ke ba su wuta ba. Irin su Honda CD175 daga batir kwayil ɗinsu ke sha. A ƙa'ida irin wannan tsarin ya fi ƙarfi a ƙaramin juyi, domin kwantak yana daɗewa a rufe kwayil ya cika. A nan maganar malamin ta fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗin batir yana da rai. A silo cajin waɗannan tsofaffin injina bai cika biyan abin da ake ci ba, batir ne ke cikasawa. Batir mai bolt 6 da ya cika yakan nuna kamar 6.3, kuma ba shi da rarar da zai yi asara. Ɗan tsatsa a makulli, ko a fis, ko a wayar da ke ɗaure da jikin babur, ya isa ya cinye bolt guda, kashi ɗaya cikin shida ke nan. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a bar shi a silo, a kunna fitila, a taka birki, a danna ham. Idan misin ya ƙaru ko injin ya mutu, ina ruwan kafireta da fitila?

Masu hayaƙi, irin Suzuki AX100 da Jincheng da aka kwaikwaya daga gare shi, waɗanda suka cika titunanmu zamanin acaɓa, nasu ya ɗan bambanta. Mutane da yawa sun cire famfon man injin suna zuba shi cikin tanki da ƙiyasin ido. In ya yi yawa, ga tafiyar hankali cikin gari, bakin fulogi ba ya kai zafin da zai ƙone dattin da ke taruwa a kansa, wato wajen digiri 450. Sai wuta ta bi ta jikin dattin ta zame maimakon ta yi tsalle. Haka in an sa fulogin da ya fi sanyi. A lambobin NGK, babbar lamba ita ce mai sanyi, kuma ba kowane fulogin da zarensa ya shiga ramin ne na injin ba. C7HSA na ƙananan Honda ne, D8EA na CG125, kowanne da dalilin lambarsa.

Ban ce a bar kafireta a koma bautar maganeto ba. Kunne ma yana rarrabewa in an saurara. Injin da mai ya yi wa kaɗan yakan yi tari ta kafireta, in an saki totur ya daɗe bai sauko ba, silo ya riƙa hawa da sauka, in an ja cok kaɗan ya ji daɗi sosai. Wannan a duba jet, a duba robar da ke tsakanin kafireta da inji ko ta tsage tana shan iska, in mai hayaƙi ne a duba sil ɗin karanshaf. Misin ɗin wuta kuwa yankewa yake yi kaf, kamar an kashe makulli an kunna, wani lokaci ya biyo da harbi ta salansa saboda ɗanyen man da ya taru a can, fulogi ya fito a jiƙe yana warin fetur. Akwai kuma na uku da malamin bai ambata ko sau ɗaya ba, wato bawul da ya matse. Tazararsa milimita 0.08 ce a CG125, 0.05 a ƙananan Honda, da sanyin inji. In ta rufe, matsi yana zurarewa, kuma a ƙaramin juyi ne ya fi samun lokacin zurarewa. Ƙafar mai buga kik takan ji ya yi laushi. Abin da nake kira gare shi shi ne tsari: a fara da gwajin da ba ya ɓata komai, a taɓa abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Duba wuta minti biyar ne, kuma in ba ita ba ce an bar babur yadda aka same shi. Buɗe kafireta kuwa kowane karo da abin da yake tafiya da shi, ko gasket ya yage, ko zaren sukuru ya cinye, ko saitin da aka daɗe da samu ya ɓace.

Saura batun CDI. Ba ni da gaba da shi. Honda da kanta ta mayar da CG125 kansa daga baya, kuma babu dunduniyar da za ta cinye a cikinsa. Akwai ma inda nake ba da shawararsa, misali injin da boris ɗinsa ya fara wasa. A kama maganeto a girgiza sama da ƙasa, in yana motsi, tazarar kwantak ba za ta zauna wuri ɗaya ba komai saiti, kodayake gyaran gaskiya a nan shi ne canza boris ɗin. Amma a ce wa mutum ya sa CDI ya huta kafin a san ciwonsa, wannan sayar masa da kaya ne kawai. Yawancin CDI ɗin ƙananan babura daga wani naɗin waya da ke cikin maganeton nan dai yake samun cajinsa, kuma shi ma a ƙaramin juyi ya fi rauni. Wanda ke sha daga batir kuma yana rayuwa ne da lafiyar batir. Kwayil ɗin sama, da wayar fulogi, da hula, da makulli, da wayar jikin babur, duk suna nan inda suke. In ɗan ƙarfen da ke riƙe maganeto a kan karanshaf ya gutsure taimin ya goce, sabon akwati ba zai mayar da shi ba. Na ga baburan da aka haɗa wa maganeton wani inji da akwatin wani, taimin ya yi gaba da yawa, kik yana dukan ƙafar mai shi. Sannan a tuna inda waɗannan babura suke aiki. Kwantak in ya ba da matsala a hanyar ƙauye, da sukundireba da ɗan guntun samfefa za a iso gida. Akwatin CDI in ya mutu a wannan hanyar, sai turi.

Yaron da ya kawo mini rubutun yana tsaye a wurin ranar da muka gama da babur ɗin dattijon, shi ya riƙe takardar a bakin kwantak. Abin da ya rage bayan wuta ta daidaita shi ne ɓarnar da aka yi wa kafireta. Jet ɗin da aka zura wa waya raminsa ya faɗaɗa, ba ya komawa, babur yana shan mai a silo ko an mayar da sukurun iska inda yake. Sai da dattijon ya sayi wani jet ɗin, bayan kuɗin wanki uku da fulogi huɗu da ya riga ya biya. Malam, in ka samu babur mai irin wannan misin ɗin a gaba, ina roƙonka kafin ka kwance kafireta ka matse bakin fulogi zuwa 0.4 ka zagaya da shi cikin unguwa a giya ta biyu, sannan ka rubuto mana abin da ka ji.